Sunan da za mu sa wa kwikwiyon ƙasar ƙanƙara

Ka tambaye ni, ɗana, wane suna ya dace da kwikwiyon nan da Alhaji ya aiko daga Kano mu horar masa. Ka ce kai Hazo ne ya kwanta maka a rai saboda jikinsa toka-toka da fari, shi kuma mai shi yana son Zaki. To, gyara zama.

Kafin suna, san wanda za ka sa wa. Wannan ba irin karnukanmu na farauta ba ne masu siririn ƙugu da dogayen ƙafafu. Malamut ake ce wa irinsa, daga Alaska, can ƙarshen arewacin Amurka, kuma sunan wata al'umma ce ta bakin tekun Kozebu da ta daɗe tana kiwonsa. Aikinsa jan kaya mai nauyi a kan ƙanƙara. Ana ɗaura su a jere da igiya, su ja keken da ba shi da taya, sai dogayen katakai biyu masu sulɓi. Namijinsu idan ya cika yakan kai kilo 38, tsayinsa a kafaɗa wajen santimita 63. Dubi tafin ƙafarsa tun yanzu. Saboda haka kada ka sa masa sunan lele na ɗan ƙaramin abu, domin kafin damina ta zagayo zai fi ƙarfin sunan.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, a wurinmu sunan kare kayan aiki ne. Direban keken nan a baya yake tsayawa, ba linzami a hannunsa, da murya kawai yake juya karnuka goma ko fiye. Ya ce "ji" su yi dama, ya ce "ho" su yi hagu. Mu ma a dawa haka ne. Idan kare ya yi nisa cikin sabara, ba abin da ya haɗa ka da shi sai muryarka. Shi ya sa suna ba ya wuce gaɓa biyu, ya fara da harafi mai ƙarfi, ya ƙare da wasalin da za ka iya ja har iska ta kai masa.

Hazo suna ne mai daɗi, kuma ka lura da launinsa da kyau. Amma faɗe shi da ƙarfi ka ji. Da me ya ƙare? Da "zo". Kullum ka ambaci sunansa ka ce masa ya zo, ko kana nufi ko ba ka nufi. Ranar da kake so ya tsaya inda yake, ka ce "Hazo, zauna", ka ba shi umarni biyu masu karo da juna a numfashi ɗaya. Kare ba ma'ana yake bi ba, sauti yake kamawa. Wannan ne ya fitar da Gwarzo ma. Ɗari kuwa, wanda zai dace da ɗan ƙasar sanyi, ya yi kusa da "bari", kuma wannan kare zai sha jin "bari" a rayuwarsa.

Zaki ba shi da aibi a baki, sai dai biyu. A garin nan kaɗai karnuka nawa ne Zaki? Ka kira ɗaya, uku su ɗago kai. Na biyu, sunan zai sa Alhaji tsammanin abin da ba zai samu ba. Irin wannan kare ba mai gadi ba ne. Yana son mutane, baƙo ma kaɗa masa wutsiya zai yi, kuma bai cika haushi ba, sai dai ya ɗaga kai ya yi ta kuka mai tsawo. Gara a gaya wa mai shi gaskiya tun yau.

Sunan mutum kuwa kada ka kusance shi. Ba na annabawa da sahabbai kaɗai ba, wannan ai ba a ma maganarsa. Har irin su Tanko da Bala da Ɗanladi, domin akwai mai sunan a kowace unguwa, kuma ranar da ka ƙwala kira a bakin kasuwa ka jawo wa kanka shari'a a gaban mai gari. Na so Jaura, saboda sanyin, amma rugar da ke bayanmu akwai Jauro, ba kuwa zan yarda dattijo ya ji kamar da sarautarsa ake kiran kare ba. Haka sunan habaici, irin Ba-ruwanka da wasu ke sa wa kare don maƙwabci ya ji. Kare bai san rigimarku ba, kada a rataya masa ita.

Ni Togo zan sa masa. A farkon shekarar 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a garin Nom na Alaska, ƙanƙara ta rufe teku, jirgin ruwa ba ya shiga. Da karnuka aka kai maganin, ana miƙa wa juna daga zango zuwa zango, tafiyar kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Karen da ya shiga gari da maganin Balto ne, shi aka yi wa mutum-mutumi a birnin Niyok na Amurka. Amma wanda ya ja gaba a zango mafi tsawo da haɗari Togo ne, yana da shekara 12 a lokacin. Su biyun irin karnukan da ake ce wa Haski ne, na Saberiya, 'yan uwan wannan, sun fi shi ƙanƙanta da gudu, amma sana'arsu ɗaya. Sunan ya zauna a bakin Bahaushe, bai yi kama da "zo" ko "bari" ko "zauna" ba, kuma ba wani a karnukanmu da zai ɗauka da shi ake.

Sa sunan shi ne mai sauƙi, koya masa ne aikin. Ka tanadi ɗan busasshen nama a aljihu. Faɗi sunan sau ɗaya tak. Da ya juyo ya dube ka, ba shi. Idan bai juyo ba kada ka yi ta nanatawa, Togo, Togo, Togo, domin haka ne suna ke zama hayaniya a kunnensa. Matsa kusa, ka jira, ka sake. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana. Kuma kada ka taɓa kiran sunansa don ka dake shi ko ka yi masa tsawa. Irinsu suna da taurin kai, kare ne da yake auna magana kafin ya bi. Ya gane cewa sunansa na zuwa da bulala, to ya daina amsawa ke nan, kuma kilo 38 ba ya jawuwa da ƙarfi. Ka gaya wa yaran gida su ma, suna ɗaya ne, ba kowa da nasa ba.

Lokacin horon ma ka kiyaye, wannan ya fi damuna. Gashinsa hawa biyu ne, an halicce shi don sanyin da ruwa ke daskarewa, mu kuwa a nan Jigawa zafin Afrilu yana haura digiri 40. Bayan asuba da gab da magariba kawai za ka fito da shi. Da rana yana ƙarƙashin darbejiya, a jiƙa masa ƙasa, ruwan randa a gabansa. Zai tona rami ya kwanta, ƙyale shi, sanyi yake nema. Kada wani ya ce a aske shi, gashin yana kāre fatarsa daga rana. A dai riƙa taje shi ana duba kaska. Idan ya cika wata uku a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare.

Farauta ba za mu je da shi ba. Kuma har sai ya amsa sunansa ko da kaza na gilmawa a gabansa, doguwar igiya ba za ta bar wuyansa ba, domin suna bin ƙananan dabbobi, awakin mutane kuwa ga su nan ko'ina. Ka kira Alhaji da yamma ka faɗa masa sunan da dalilinsa, idan ya amince gobe da asuba mu fara.