Ku Tambaya Mu Amsa: Wai ƙwaya ce ta haifi kiɗan rave?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan waya a Agege, nan Legas. Ƙanena da na ɗauko daga gida yake taya ni zaman shago ya tsiri kallon wasu finafinan Turawa, samari da 'yan mata suna ta haɗiyar ƙwaya suna rawa har asuba da wani kiɗa dum-dum-dum ko waƙa babu, wai shi rave. Na yi mai faɗa ya ce wai tarihi yake koyo. Dan Allah ƙwayar ce ta kawo kiɗan? Kuma in ƙwace wayar ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. A'a, kiɗan ya samu tun kafin a haɗa shi da ƙwayar, kuma tushensa ma ba na farar fata ba ne. Baƙaƙen Amurka ne suka ƙirƙiro shi. A Chicago akwai wani gidan rawa Warehouse inda Frankie Knuckles ya fara sa faifai a 1977, daga nan aka samo sunan kiɗan house, a Detroit kuma su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka fito da kiɗan techno, dukkansu da 'yan na'urori masu buga ganga da kansu. Ba wai waliyyai ne a can ba fa, ana shaye-shaye, sai dai ba shi ya haifi sautin ba.

A Ingila aka ɗaura auren kiɗan da ƙwayar. A 1987 wasu masu sa faifai na Landan, har da Paul Oakenfold da Danny Rampling, suka je tsibirin Ibiza na Sifaniya suka ga ana kwana rawa ana shan wata ƙwaya mai suna ecstasy, suka dawo da abin gida, kafin ka ce kwabo a 1988 da 1989 matasa sun cika tsofaffin sito-sito da gonakin bayan gari, 'yan sanda na bin su suna gudu. Ita kuwa ƙwayar tsohuwa ce, tun 1912 kamfanin Merck na Jamus ya haɗa ta. Bayan taron rawa na Castlemorton a Ingila a 1992, inda dubban mutane suka yi kusan sati a fili, gwamnati ta yi doka a 1994 wadda har kiɗa mai maimaita bugu ta ambata. Ka ji fa, doka a kan ganga!

Su finafinan ba ɗaya suke ba, nan nake so ka sa ido. Trainspotting na 1996 labarin 'yan allurar heroin ne a Edinburgh, kiɗan kawai ya ara, kuma wallahi wanda ya ga yadda jaririya ta mutu a ɗaki manya na kwance a buge ba zai yi sha'awa ba. 24 Hour Party People na 2002 shi ne mai tarihin, labarin gidan rawan Hacienda na Manchester da aka rufe a 1997, domin wanda ya sha ƙwaya ba ya sayen abin sha, kuɗi na tafiya wajen dillalai, ga 'yan daba da bindiga a ƙofa. Wanda ban yarda da shi ba shi ne Human Traffic na 1999, abokai biyar a Cardiff su sha su more su watse lafiya lau kamar ba a yi komai ba, irin shi ne ke ruɗar yaro.

Kar ka ƙwace wayar, a ta abokinsa zai kalla. Tambaye shi wanne yake kallo, ka nemo masa binciken BBC na 2018 kan kodin, wanda bayan fitowarsa gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, ku kalla tare bayan an rufe shago. Sannan ka lura da waɗanda yake zama da su bayan isha'i, don tiramol ya fi ecstasy kusa da shagonka.