Za mu iya hawa Bagzam mu ga ramukan kuza a tafiya guda?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a Tahoua. Mu huɗu muke son zuwa Azbin lokacin hutu, mu hau dutsen Bagzam da ƙafa, mu kuma ga tsofaffin wuraren haƙar kuza. Yaushe ya kamata mu tashi, me za mu kiyaye?

Amsa: Malam, ku tashi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Bazara ba ta hawan dutse ba ce, damina kuwa ta fi ta haɗari: ruwa na iya sauka can saman duwatsu, ku ba ku ga ko ɗigo ba, sai kori, wato busasshen rafi, ya cika ya tafi da duk abin da ya tarar. Shi ya sa ba a kwana cikin kori, komai laushin yashinsa.

Bagzam da ramukan kuza ba waje ɗaya suke ba. Bagzam, inda ƙololuwar da ta fi kowacce tsawo a Nijar take (mita 2,022), ta wajen Tabelot ake yawan hawansa, jakuna na ɗauke da kaya. Kuza kuwa sai Elmeki, kan hanyar Agadez zuwa Timia.  Ku ware mako guda aƙalla, ban da ranakun mota.

Ramukan ne suka fi buƙatar bayani. Kuza na cikin dutse ne, ruwan sama ya wanko ta shekara da shekaru, ta kwanta cikin tsakuwar kori saboda nauyinta. Baƙaƙen ƙwayoyi ne, ka damƙi kaɗan a tafin hannu ka ji sun fi yashi nauyi nesa ba kusa ba. To tsakuwa ce masu haƙa suka bi, ba dutse mai ƙarfi ba, don haka bakin ramin ba abin da ke riƙe shi. Ka tsaya gefe kana leƙe, ƙasa ta zame da kai. Ku duba daga nesa, kada kowa ya shiga. Faɗuwar farashin kuza a duniya a 1985 ta karya sana'ar, ramuka da yawa an bar su haka ba mai gyara.

Ruwan sha lita biyar ga kowane mutum a yini, na tafkin cikin dutse a tafasa shi. Takalmi mai kaurin ƙasa, don baƙin dutsen da aman wuta ya bari, irin wanda ruwan Timia ke gangarowa a kansa, yana cin roba. Bargo biyu ba su yi yawa ba, sanyin dare a Janairu kan kusa daskarar da ruwa.

Ɗan jagora ɗan ƙasar dole ne, ba don ɓata kaɗai ba. An binne nakiyoyi a wasu hanyoyin arewa lokacin tawayen 2007 zuwa 2009, shi ya san inda ake bi. Ku fara tambayar hukuma a Agadez halin tsaro kafin ku ɗauki mota.

In kun zarce har kufan Assodé bayan Timia, za ku ga fasassun tukwane warwatse a ƙasa. A bar su nan. Zanen da ke jikin duwatsu ma kada a yayyafa masa ruwa wai don ya fito a hoto, lalata shi ake yi.