Tambaya da Amsa: Sallah a Tasha da Cikin Jirgi a Ƙasashen Turawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Ingila, kullum sai na shiga jirgin ƙasa zuwa makaranta. Ran nan na raɓe a wani lungu na tasha ina la'asar, ko sallama ban yi ba sai ga ma'aikaci a kaina yana magana a rediyonsa. Da na idar ya tambaye ni ko jakar da ke bayana tawa ce. Malam, laifi ne yin sallah a tasha? — Wani ɗalibi daga Ingila

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba laifi ba ne, babu dokar Birtaniya da ta hana, kuma dokar daidaito ta 2010 ta haramta wa masu hidimar jama'a nuna bambanci saboda addini. Sai dai tasha tana da masu kula da ita, suna da ikon ɗaga ka daga inda ka tare hanya.

Ka lura da abin da ya tambaya: jaka. Bama-baman da suka kashe mutum 191 a jiragen ƙasa na Madrid ran 11 ga Maris 2004 a cikin jakunkuna aka bar su. Ran 7 ga Yuli 2005 kuma a jakunkunan goyo aka shigar da bama-baman da suka kashe mutum 52 a Landan, a jiragen ƙarƙashin ƙasa uku da bas ɗaya. Ma'aikatan tasha a can ana koya musu tambayoyi uku a kan duk kayan da suka gani: an ɓoye shi ne? akwai wayoyi ko wani abin tuhuma a jikinsa? ya saba zama a irin wannan wurin? Jakar da ke bayan mutumin da ya ba ta baya, ga shi an yi masa magana bai amsa ba, ta faɗa cikin wannan lissafi. Saboda haka jakarka ta zama sutura, a gabanka, dab da inda goshinka zai sauka.

Kafin ka tayar da kabbara, je wurin ma'aikaci ka tambayi ɗakin ibada. Idan babu, ce masa minti biyar za ka yi, ya nuna maka wuri. Wanda ya nuna maka wuri da hannunsa, shi zai amsa wa duk fasinjan da ya kai ƙara. Kada ka yi a dakalin jiran jirgi: akwai jiragen da ke wucewa a guje ba sa tsayawa, iskarsu kaɗai tana iya jan darduma, shi ya sa aka ja layin rawaya. Ka guji gindin matakala, bakin lif, ƙofar gudun gobara da ƙofar da aka rubuta ta ma'aikata ce. Ka kashe kiran sallar wayarka tun daga gida. Kabbara mai ƙarfi daga cikin aljihu a taragon da ya cika maƙil tana iya jawo turmutsitsi, don firgici ba ya tsayawa bincike. A watan Oktoba 2017 wani mutum ya riƙa karanta Baibul da ƙarfi a jirgin ƙasa kusa da unguwar Wimbledon a Landan, fasinjoji suka ɓalle ƙofofi suka dira kan layin dogo.

Ga wata dabara ta hunturu. A watan Disamba azahar tana shiga Landan wajen sha biyu, la'asar kafin ƙarfe biyu, magariba kafin huɗu. Zirga-zirgar makaranta ba ta kai tafiyar ƙasaru ba, raka'a huɗu za ka yi. Amma kana iya jinkirta azahar zuwa ƙarshen lokacinta na zaɓi, kana sallamewa la'asar ta shiga, ka tashi ka kawo ta. Kowacce ta faɗa a lokacinta, kai kuma zama ɗaya ka yi a ɗakin sallar makaranta, ba ruwanka da tasha.

Tambaya: Mu biyar ne za mu tafi Amurka taron kasuwanci, tafiyar ta fi awa goma sha biyu a sama. Abokaina sun ce mu yi jam'i a bayan jirgi. Ni kuma gabana yana faɗuwa. — Wani ɗan kasuwa daga Kano

Amsa: Alhaji, gabanka bai faɗi a banza ba. Kada ku yi jam'i a tsaye a jirgin da ya nufi Amurka. A irin waɗannan jirage ana yawan sanar da fasinjoji cewa kada su taru a ko'ina, musamman bakin ban-ɗaki. Mutum biyar a jere a bayan jirgi sun karya wannan umarni, ko hira suke yi. Ku kuma tuna fasfon da ke hannunku: bayan yunƙurin Umar Faruk Abdulmutallab a jirgin Amsterdam zuwa Detroit ran 25 ga Disamba 2009, sai da Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 14 da ake tsananta wa matafiyansu bincike. An janye jerin bayan 'yan watanni, amma kallon bai gushe duka ba.

Yawancin matsalar ana gama ta ne a ƙasa. Tafiyar ƙasaru a mazhabar Malikiyya mil 48 ce, wajen kilomita 80, taku ta ninka haka sau da yawa. Idan rana ta yi zawali kuna filin jirgi, kuma ba za ku sauka ba sai bayan faɗuwarta, ku haɗa azahar da la'asar a ɗakin sallah kafin a kira ku. Haka magariba da isha'i. Manyan filaye irin Heathrow, Frankfurt da Schiphol duk suna da ɗakunan ibada, kuma a can jam'inku ba zai ɗaga hankalin kowa ba.

Asuba ce mai wuya, don ba a haɗa ta da wata. Idan ta riske ku a sama, kowa ya tashi shi kaɗai ya nemi izinin ma'aikacin jirgi, ba lokacin rabon abinci ba, ba kuma sa'ad da fitilar ɗaura bel take kunne ba. An ba ka wuri, ka fuskanci alƙibla ka yi raka'a biyu da gajerun surori. An hana, ka koma kujera ka yi a zaune da nuni, sunkuyon sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Buhari ya tsara shi: a tsaye, in ba ka iya ba a zaune. Malamai da dama suna son a sake ta bayan an sauka, kuma sakewar ba ta cin komai. Lokaci kuwa da taga ake gane shi, agogon waya yana nan a garin da kuka baro. A dawowa kuna fuskantar gabas, dare gajere ne, tsakanin alfijir da fitowar rana ba shi da yawa.

Alwala ma a yi ta a ƙasa, a sa huffi domin shafa. Ɗaga ƙafa cikin ɗan kwanon ban-ɗakin jirgi yana malalar da ruwa, yana kuma sa mutum ya daɗe a ciki, daɗewar nan kuwa ma'aikata suna lura da ita. Ƙaramin dutse a aljihun jaka ya isa taimama a Malikiyya.

Tambaya: To idan duk an kiyaye, amma wani fasinja ya kai ƙara aka ce mutum ya sauka fa? — Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Hajiya, yana faruwa. Ran 20 ga Nuwamba 2006 an sauke limamai shida daga jirgin US Airways a Minneapolis, bayan wasunsu sun yi sallah a wurin jira, wani fasinja kuma ya miƙa wa ma'aikata 'yar takarda. An sa musu ankwa, an yi awoyi ana tambayarsu, aka sake su ba tuhuma. Sun kai ƙara, aka sasanta a 2009. A watan Afrilu 2016 an sauke wani ɗalibi ɗan asalin Iraƙi daga jirgin Southwest a Los Angeles bayan an ji shi yana waya da Larabci ya ce insha Allahu. Ba Musulmi kaɗai abin yake shafa ba: a Janairu 2010 an karkatar da jirgi zuwa Philadelphia saboda wani matashi Bayahude ya ɗaura 'yan akwatunan fata na ibadarsu a goshi da hannu.

Dokar Amurka tana da fuska biyu a nan. Ta ba kamfani damar ƙin ɗaukar wanda yake ganin barazana ne ga lafiyar jirgi, ta kuma haramta masa nuna bambanci saboda addini, launi ko asali. Tun 2007 akwai kariya daga ƙara ga wanda ya kai rahoton abin tuhuma da kyakkyawar niyya, don haka ba fasinjan za a bi ba, kamfanin ne da jami'an.

A cikin jirgi ba a cin gardama, ƙin bin umarnin ma'aikata laifi ne mai zaman kansa. Mutum ya ɗauki kayansa ya fita, hannuwansa a fili, kada ya zura hannu a jaka sai ya faɗi abin da zai ɗauko. A waje ya nemi a gaya masa dalili, ya rubuta lambar jirgi, lokaci, sunayen ma'aikata da lambar wayar duk fasinjan da ya yarda ya yi shaida, ya adana katin shiga jirgi. Kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba, ya nemi tafinta. Ya nemi a mayar da shi wani jirgi ko a biya shi kuɗinsa. Daga nan ya rubuta koke ga kamfanin da kuma Ma'aikatar Sufuri ta Amurka. Ƙa'ida ta ba kamfani kwana 30 ya nuna ya karɓi koken, kwana 60 ya ba da amsa a rubuce.