Yadda za ka jawo mutanenmu su karɓi Linux

Malam, ka ce 'yan uwa na Agege sun ƙi sauraronka kan Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows. Ka rage wa'azin 'yancin manhaja, ka kama su ta inda yake musu ciwo. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma da yawa cikin tsofaffin kwamfutocin da ake sayowa a Computer Village ta Ikeja ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Ka sauke Linux Mint, wani nau'in Linux, sau ɗaya, ka zuba a filasha, ta ishi unguwa guda. Ka tayar da kwamfutar mutum daga filashar, fayilolinsa na nan ba a taɓa ba. Ya rubuta wasiƙa a LibreOffice, madadin Microsoft Office, ya buɗe WhatsApp ta Firefox, ya haɗa firintarsa ya gwada. Gani ya kori ji.

Amma mai buga katin biki da ke ci da manhajar zane ta CorelDRAW, ƙyale shi. Yanzu ba a yin ta don Linux, madadinta Inkscape kuwa sai ya zauna ya koya. Ɗalibai da masu rubuta rasit su ne naka. Ka bar musu lambarka, don makon farko sai sun neme ka.