Likita Ya Amsa: Gadon Sikila, Haihuwar 'Ya'ya Mata da Batun Gyaran Ƙwayoyin Halitta

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni da maigidana duk AS ne, kuma ɗanmu na fari ya zo da sikila. An ce min cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne ke fitowa SS. Ke nan ukun da za su biyo bayansa sun tsira?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaron lafiya, ya ƙara miki juriya. Amsar ita ce a'a, kuma wannan fahimtar ta jefa iyalai da dama cikin wahala. Kowane ciki da nasa lissafin. Ke kina ɗauke da A (ƙwayar gado mai lafiya) da S (ta sikila), maigida ma haka, kuma jariri yana karɓar guda ɗaya daga kowannenku. Don haka a duk cikin da kika ɗauka akwai yiwuwar kashi 25 cikin 100 ya zo SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Kamar wurga kwabo ne sama: faɗuwar farko ba ta tilasta wa ta biyu komai. Ana samun ma'aurata AS da suka haifi huɗu babu mai sikila, ana samun waɗanda uku a jere duk SS ne.

Asalin cutar ɗan canji ne a wuri ɗaya tak cikin ƙwayar gadon da ke haɗa himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Saboda shi jajayen ƙwayoyin jini ke lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi, nan ne tushen azabar ciwon ƙashi. Kuma maimakon su rayu kwana 120, sai su mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jinin yaro ke yawan yin ƙasa.

Abin da ke hannunki yanzu yana da yawa. A kula da rigakafinsa duka, da fenisilin na kullum tun yana ƙarami, da kariya daga maleriya, da shan ruwa sosai. Ki tambayi likitansa game da maganin hydroxyurea, wanda ke rage yawan tashin ciwon ƙwarai. Duk zazzaɓin da ya kama shi, asibiti a ranar, ba a jira gobe. Game da haihuwa ta gaba kuwa, ku je ke da maigida tare ku zauna da likita. Akwai gwajin da ke nuna jinotayif ɗin jariri tun yana ciki, akwai kuma tantance ɗan tayin da aka haɗa a asibiti kafin a dasa shi a mahaifa. Shawarar taku ce ku biyu, amma ku yanke ta da sani.

Tambaya: Likita, 'ya'yana biyar duk mata. Ana ta cewa daga matata ne. Haka ne?

Amsa: Ba haka ba ne, Malam. Mutum yana da kuromosom 46, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma cikinsu waɗanda ake kira X da Y ne ke tantance jinsi. Ƙwan mace X kaɗai yake ɗauka. Maniyyin namiji ne ke zuwa da X ko Y: in X ya riga isa a haifi mace, in Y ne a haifi namiji. To kai ma ba ka da iko a kan wanda zai riga, balle ita. Ka tsaya mata a gaban masu maganar, don kai za su fi saurara.

Tambaya: Ni da mijina duk baƙaƙe ne, sai na haifi zabiya. Har an fara min kallon zargi. Yaya hakan ke faruwa?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Yawancin nau'o'in zabiyanci ba sa bayyana sai yaro ya gaji ƙwayar daga ɓangarorin biyu. Uwa da uba suna iya ɗaukarta a ɓoye ba tare da ta taɓa launin fatarsu ba, ta yi ta ratsa zuriya babu wanda ya sani, sai ranar da biyu suka haɗu. Haihuwar zabiya ba hujjar zargi ba ce ko kaɗan. Abin da yaron ke buƙata shi ne kariya daga rana, da hula mai faɗi, da tufafi masu rufe jiki, da man kare fata, domin kansar fata ce babbar barazanarsa. A kuma kai shi likitan ido da wuri, kafin ya shiga makaranta.

Tambaya: Na ji an ce yanzu ana gyara ƙwayoyin halitta a warkar da sikila. Gaskiya ne? In haka ne, me zai hana a gyara jariri tun kafin a haife shi?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka nuna yadda za a yi amfani da fasahar CRISPR a yanke DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, a daidai wurin da ake so, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020. A ƙarshen 2023 Birtaniya, sannan Amurka, suka amince da maganin Casgevy ga masu sikila 'yan shekara 12 zuwa sama. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiyar, a gyara su yadda za su koma yin irin himogulobin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa, sannan a mayar masa. Hanyar ba ta da sauƙi: sai an fara kashe tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, wanda kan iya hana haihuwa, ga jinyar makonni a asibiti. A 2023 an sa kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Wannan na damuna matuƙa, domin mafi yawan masu sikila a duniya suna inda ko hydroxyurea ba kowa ke samu ba.

Ka lura da abu ɗaya: wanda aka yi wa wannan gyaran, jininsa ne ya canza. Maniyyinsa ko ƙwanta na nan yadda suke, don haka har yanzu zai iya gadar wa ɗansa S. Nan ne iyakar da nake ganin bai kamata a tsallaka ba a yanzu. Mara lafiya da aka yi wa bayani ya amince, haɗarin a jikinsa ya tsaya. Gyaran ɗan tayi kuwa yana iya shiga kowace ƙwaya ta jikin yaron, ya wuce zuwa 'ya'yansa da jikokinsa, kuma babu ɗaya cikinsu da aka nemi yardarsa. CRISPR kan yi yanka a wurin da ba a nufa ba, wani lokaci kuma ya gyara wasu ƙwayoyin ya bar wasu. Kuskure irin wannan ba ya janyuwa bayan haihuwa.

An taɓa yi. A Nuwamba 2018 wani masanin ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya taɓa musu ƙwayar gado mai suna CCR5 da nufin kare su daga HIV. Yaran ba su da cutar, kuma akwai sanannun hanyoyin kariya da ba sa buƙatar taɓa halittarsu. Masana a faɗin duniya suka yi tir da shi, kotu a ƙasarsa ta ɗaure shi shekara uku a 2019. Ƙasashe da yawa sun haramta dasa ɗan tayin da aka gyara a mahaifa.

Akwai kuma tsoron da nake ganin yana da tushe: in aka buɗe ƙofar, masu hali za su nemi tsayi, basira ko launin fata, alhali waɗannan halaye ƙwayoyin gado masu yawan gaske ne ke haɗuwa da tarbiyya da muhalli su samar da su. Saboda haka duk wanda ya yi maka tayin gyara maka jariri tun yana ciki ko kafin a dasa shi, ka ƙi, ka kuma sanar da hukumar da ke sa ido kan likitoci a ƙasarka.