Wane ƙarfe ya fi dacewa wajen raba ruwa a fitar da haidirojin?

Ƙanena, ka ce tunda lantarki ke raba ruwa, me ya kawo maganar ƙarafa masu tsada, kuma wanne za ka ɗauka a aikinka na kammala karatu a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi.

A lissafi, volt 1.23 ya isa. A aikace kuwa sai an kai wajen 1.8 zuwa 2, rarar ta tafi a zafi. Aikin katalis, wato ƙarfen da ake shafa wa sandunan lantarkin da ke cikin ruwan, shi ne rage wannan asarar.

Maganar duka a riƙo take. Ƙarfen da ya ƙanƙame haidirojin ba zai sake shi ya tashi ba, mai riƙon sako-sako kuma ba zai tsayar da shi ba balle ya haɗu da ɗan'uwansa. Filatinam ne ya faɗo tsakiya, sai dai tsada, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu ake haƙowa. Ɓangaren oksijin, ɗayan iskar da ke fita idan an raba ruwa, ya fi taurin kai, don elektron (ƙwayoyin lantarki) huɗu-huɗu ake zarewa kafin ƙwayar oksijin ɗaya ta fita. A ruwan asid iridiyam ake dogara da shi, shi kuwa ya fi filatinam wuyar samu.

Da ni ne kai, nikel da baƙin ƙarfe zan haɗa a ruwan potasiyam haidiroksaid. Da arha, kuma wajen oksijin suna aiki sosai. Wajen haidirojin gwada nikel da molibdinam. Manganis irin wanda ake haƙowa a Nsuta ta Ghana ma abin dubawa ne, da shi ganye ke raba ruwa, amma bai kai nikel sauri ba.

Kada sakamakon awa ɗaya ya ruɗe ka. Bar shi yana aiki kwanaki, ka auna ko volt ɗin na hawa, ka kuma duba ko shafen ya fara ɓarewa.