Me ya sa muke goge hoton Hitila a guruf ɗinmu na Makka

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka a kan dalilin da ya sa ake goge wasu abubuwan da aka turo a guruf ɗinmu, na kuma ga yadda mutanen gida suka yi ta tofa albarkacin bakinsu, wasu har cewa suke wai mu Hausawan Saudiyya riyal ne ya rufe mana baki, shi ya sa in an turo hoton Hitila ko dogon rubutu na tsine wa Yahudawa kaf ɗinsu sai admin ya goge. Eh ana gogewa, ni kaina ina cikin masu gogewar.

Tsoron hukuma akwai shi, ba zan ɓoye maka ba. Tun 2007 ƙasar nan take da dokar laifukan intanet, kuma akwai sashen da ya ce wanda ya yaɗa abin da zai taɓa zaman lafiyar jama'a ko mutuncin addini zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 5 ko tarar riyal miliyan 3, ga manhajar Kulluna Amn da kowa zai iya ɗaukar hoton abin da ka rubuta ya kai ka ƙara yana kwance a ɗakinsa. Mai jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ya sha ɗauri ya fito, amma wanda yake zaune da iƙama, wato izinin zaman baƙo, sai a haɗa masa da tarhil, a kai shi ƙasar da kakansa ne ya baro ta, bai san ko ƙofar gidan kowa ba. Nan ba a zanga-zanga, ba a yi wa jawwal, wato wayar hannu, wasa.

Amma wallahi ko babu dokar ni zan goge. Kai a Kano ka tashi, layinku kowa Bahaushe, ba ka taɓa wayar gari ka ji ana zagin ƙabilarka gaba ɗaya saboda laifin mutum ɗaya ba. Mu kakanninmu da ƙafa suka zo, ta Chadi da Sudan, wasu sai da suka yi shekaru suna noma a hanya kafin su tsallako Bahar Maliya, suka zauna a Shara Mansur da Hindawiyya, jikokinsu yau har da Usama Hausawi da ya riƙe kyaftin na ƙungiyar ƙasar a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha. Duk da haka bari a ɗauki bidiyon baƙin mutum ɗaya ya yi abin kunya, ka shiga X ka karanta abin da ake rubutawa a ƙasa, Takari duk haka suke, a kwashe su, su ne suka ɓata Makka. Na taɓa ganin 'yata tana karanta irin wannan, ta kife wayar a kan tabarma ta tashi ba ta ƙarasa cin abincinta ba, yarinyar da a nan aka haife ta aka haifi uwarta. Mun san zafin a ce wake ɗaya ya ɓata gari, toh ta yaya za mu juya mu yi wa wasu?

Sannan shi Hitilan da yaranmu suke sa hotonsa a sitatus, sun san waye kuwa? Maganar nan da ake liƙa masa wai ya ce ya bar wasu Yahudawa da rai ne don duniya ta gane dalilin da ya sa ya kashe sauran, ba ta da asali, ƙirƙira ce. Gwamnatinsa ta hallaka Yahudawa kusan miliyan 6, da tsofaffi da jarirai, kuma baƙar fata ma bai ɗauke mu mutane ba, a 1937 yaran da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da matan Jamus kama su aka yi aka yi musu aikin da ba za su taɓa haihuwa ba. Shi ma littafin nan na Furotokol da ake ta yawo da shi wai asirin shirin Yahudawa na mallake duniya, a Rasha aka fara buga shi a 1903, kuma tun 1921 jaridar The Times ta Landan ta nuna jabu ne, kwafo shi aka yi daga wani tsohon rubutun Faransanci da ba ruwansa da Yahudawa. Kuma masu hura wannan wutar a Turai da Amurka ba masoyanmu ba ne fa. Wanda ya kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa a Pittsburgh a 2018 sai da ya fara zuba ƙiyayyarsa a intanet yana zarginsu da shigo da baƙi Amurka, wanda ya kashe Musulmi 51 a masallatan Christchurch na ƙasar New Zealand a 2019 kai tsaye ya nuna a Facebook, tunaninsu daga tushe ɗaya yake.

Ta fuskar addini kuwa ka fi ni karatu. Ka san Annabi (SAW) ya miƙe da aka wuce da gawa, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ce? Ka san ya bar duniya sulkensa yana jingine a wajen Bayahude saboda sha'ir ɗin da ya karɓa wa iyalinsa, ka san matarsa Nana Safiyya asalinta Bayahudiya ce. A Janairun 2020 babban sakataren Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, Sheikh Muhammad Al-Isa, ya jagoranci malamai zuwa sansanin Auschwitz a Folan, inda gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa, suka yi sallah a can, an yi ta surutu a kansa, ni dai ban ga laifin tsayawa a inda aka zalunci bayin Allah ba.

Yadda muke yi ba wani abu ne mai wuya ba. Labarin Gaza, addu'a, hanyar tura taimako ta Sahem, manhajar tara gudummawa ta Saudiyya, duk suna nan ba mai taɓawa, mu ma kuka muke da abin da sojojin Isra'ila suke wa Falasɗinawa. Abin da ake cirewa shi ne yabon Hitila, da cewa kisan da ya yi wa Yahudawa ƙarya ne, da kiran a kashe duk Bayahude. Admin zai bi mutum ta gefe ya yi masa magana cikin mutunci, ba a tsinka shi a gaban jama'a, in ya maimaita ne ake fitar da shi. In a Facebook ne muna kai rahoto, tun Oktoban 2020 suka hana musanta kisan, sai dai na'urarsu ba ta jin Hausa sosai, yawanci sai mai jin yaren ya nuna musu.

Su ma kamfanonin ba wai adalai ba ne. A Disamban 2023 Human Rights Watch ta tattara misali sama da 1,000 na rubutun goyon bayan Falasɗinu da aka goge ko aka danne a Facebook da Instagram, kusan duka ba su da wani laifi. Wannan yana ci mani rai ƙwarai, in an yi wa ɗayanmu haka ɗaukaka ƙara muke sa shi ya yi. Amma duk sanda wani namu ya ɗora hoton Hitila ya ba su hujja ne a hannu su haɗa mai gaskiya da mai shirme su rufe. Kuma ka nemi bidiyon Oktoban 2023 a tashar jirgin ƙasa ta Grand Central a New York, Yahudawa ne da kansu suka cika wurin suna cewa a tsagaita wuta a Gaza har aka kama da yawansu, irin wannan in ka turo ba mai goge maka.